Kwafi Uku na Uwar Tafireta

Uwar Tafireta ake ce mata a ofishin, ko da yake tafiretar ta daɗe da komawa sito. Shekara talatin da ɗaya tana buga takardu, kuma tun zamanin takardar kabon dokarta ɗaya ce: kowace takarda kwafi uku. Da aka kawo kwamfuta mai manhajar Linux ta koya ba gardama, amma dokar ba ta bari ba.

Wata Laraba ta kunna kwamfutar, ta sa kalmar sirri. Allon ya yi baƙi, ya ƙifta, ya dawo yana neman kalmar. Sau bakwai ana haka. Da shugaban ofis ya leƙo, ba ta yi wata-wata ba ta ce mai shara ce, ai jiya ta gan ta tana goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma. Mai sharar, mace mai 'ya'ya huɗu, ta rantse ko waya ba ta taɓa ba. Shugaba ya ce ta zauna gida tukuna, in ta tabbata ita ce, aiki ya ƙare.

Uwar Tafireta ta kira 'yar ƙanenta mai gyaran kwamfuta. Matar ta zo, ta danna maɓallai uku tare, sai ga baƙin allo da farin rubutu. Ta ce injin lafiyarsa lau, ɓangaren da ke zana tagogi da hotuna a allo ne ya ƙi tashi, kuma duk abin da ya hana shi yana rubutawa a wani fayil. Ta buɗe fayil ɗin, ta bi layi-layi da yatsa, ta buga wani umarni, sannan ta tuntsire da dariya.

"Gwaggo, rumbun ajiyar kwamfutar ne ya cika maƙil, ko wurin aje allura babu. In bai sami inda zai rubuta ɗan abin da yake buƙata ba, ba zai buɗe ba. Wa ke da jakar fayiloli mai suna Kwafi, da Kwafin Kwafi, da Kada A Taɓa?"

Gwaggon ta ce ba ta son surutu. Amma a idonta aka buɗe jakunkunan: wasiƙun shekara tara, da hotunan jikokinta, da bidiyon ranar da ƙaramin ya fara tafiya, kowanne sau uku. Jiya kafin ta tashi daga aiki ma ta ƙara wani bidiyon.

Ta tambaya ƙasa-ƙasa ko ruwa zai iya jawo haka. Aka ce mata a'a. Ko ɗan kaɗan? A'a.

Mai gyara ta kwashe kwafi biyu zuwa wani rumbu na waje, ta sake kunnawa. Tagogi suka fito tas. Ta ce in Gwaggo na so, za ta gaya wa shugaba matsalar inji ce kawai, ai ba ƙarya ba ne.

Uwar Tafireta ta daɗe tana kallon tsumman da ke shanye a bakin taga, ya bushe ya ƙandare. Sannan ta buɗe sabon shafi ta buga layi huɗu: abin da ya faru, wanda ya jawo, da wadda aka ɗora wa. Ta buga sunanta a ƙasa. Yatsanta ya kai inda ake zaɓar yawan kwafin da za a fitar, ya tsaya.

Biyu ta fitar. Ɗaya ta aje a teburin shugaba ba tare da ta dubi fuskarsa ba. Ɗayar ta ninke ta sa a jaka, ta je wurin maigadi ta tambaye shi unguwar su mai shara. Shekara shida suna gaisawa da matar, ba ta taɓa tambaya ba.