Kaɗan Ɗin Gwaggo da Na Baƙo

Na yi yawo har na gaji da tashoshin mota, amma ba za ni manta da ranar da na kai wani baƙo gidan gwaggota a Gangara ba. Injiniya ne daga Kudu, ya zo duba rijiyar burtsatse, ni ke yi mishi tafinta don ba ya jin Hausa.

Gwaggo tsohuwa ce da duk unguwa ta san baƙonta ba ya tashi da yunwa. Da kanta ta kawo tuwon gero zaure. Baƙo ya ga malmala, ya haɗa yatsu biyu alamar ɗan mitsitsi ya ce, "Just a little."

"Mi ya ce, ɗan nan?"

"Ya ce kaɗan, Gwaggo."

"Kunya ce," in ji ta, ta sa mishi biyu.

Ashe a gidansu an koya mishi barin abinci raini ne ga mai dafawa, sai ya share kwano tas. Mu kuwa, kwano in ya koma wayam, baƙo bai ƙoshi ba ke nan. Gwaggo ta leƙa ta riƙe baki. "Wayyo, za a ce na bar bawan Allah da yunwa!" Ta ƙaro. Ya sake faɗin kalmarshi, ya sake sharewa, gumi na zuba.

Ni dai mamaki ya kama ni. Na tambaye shi, wai kaɗan ɗin Turanci ina iyakarshi? Yana nishi ya ce suna faɗinta ga gishiri, ga ruwan sama, har ga ciwo, amma ga tuwo, rabin malmala yake nufi.

Da na fassara, Gwaggo ta ce, "Rabi? Shi ɗan tsako ne? Turancin nan rowa gare shi."

Ta juya za ta ɗebo wani. Na raɗa mishi ya bar loma a gefe, ya tura kwanon gaba. Ya yi, kamar mai aikata laifi. Gwaggo ta dubi ragowar, fuskarta ta washe. "Yawwa! Yanzu ka ci abinci."

Bisa babur muka koma Sabon Birni, yana roƙona in bi ramuka a hankali.

Tun ranar na gane tafinta ba ya tsayawa ga baki. Kafin ka fassara kaɗan, fara tambayar hannun wa za ya zuba.