Wardin da Gwaggo Enid ta Sata

Ina 'yar shekara tara na fara jin sunanta, a bakin mahaifiyata, cikin raɗa: "An sake kama Enid da almakashi a lambun Tresham." Ashe yayar babana ce. Kunyar halinta ta sa ba a cika zancenta a gidanmu ba.

Enid Prosser ta yi shekara talatin tana dafa abinci a makarantar ƙauyenmu, kusa da iyakar Wales. Ba ta yi aure ba. Mahaifinta, kakana Gwilym, shi ne mai kula da lambun gidan attajiran Tresham har ya rasu, shi kuma ya haɗa irin wani farin wardi da babu shi ko'ina sai jikin katangar lambun. Allon da ke gindinsa sunan masu gida yake ɗauke da shi.

Duk Lahadin da aka buɗe lambun ga jama'a, Enid na cikin 'yan gaba. Ta sha shayi, ta kushe kek ɗin, ta zagaya tafki, sannan ta faki ido ta datsi reshe ta cusa a jaka. Sau biyu ana raka ta bakin ƙofa.

Shekarar da na gama sakandare aka yi sanyin da ya kashe wardin har saiwa. Enid ta je ta tarar da katanga fayau. A bayan gidanta kuwa wanda ta dasa daga rassan da ta datso yana nan, ya fi ta tsawo. Mako uku ba ta da sukuni: in ta yi shiru, aikin mahaifinta ya ɓace daga wurin da ya bautawa, in ta yi magana, ta tabbatar da abin da ta daɗe tana musawa.

A ƙarshe ta yanke shawara, ni ta sa na ɗaukar mata tukunyar dashen. Muka samu uwargida Tresham a rumfar shayi, cikin mutane.

"Ranki ya daɗe, na dawo miki da kayanki."

Matar ta dubi ganyen, ta dubi Enid. "Ke da kika rantse min farcenki kike yankewa?"

"To, ga farcen ya yi saiwa."

Aka kwashe da dariya. Uwargida ta tambaye ta me take so. Ta ce a ba ta shebur kawai, domin yaran yanzu ba su san zurfin rami ba. Da kanta ta dasa shi, gwiwa a ƙasa. Zancen allo ko tayar da shi ba ta yi ba, ba a kuma canza shi ba.

A hanyar gida ta riƙe hannuna, ta ce, "'Yar nan, saura kaɗan ya tafi don yana wuri biyu tak. Duk kaka ki datsi na gidana ki raba gida-gida. Ko wanda ba ya gaishe ni, ki ba shi."