Auke, Wanda Ya Ƙi Jiƙewa

A ƙauyenmu na Friesland magudanan ruwa sun fi tituna yawa, saboda haka tun muna yara muke koyon tsallake su da doguwar sanda. Ka sheƙo a guje, ka cafke sandar da aka kafa a tsakiyar ruwa, ka haura ta kamar biri, ta kai ka wancan gaci. Wanda ya faɗa ruwa kuwa ya shiga uku, har majami'a tsiyar za ta bi shi.

Auke Terpstra bai taɓa faɗawa ba. Sana'arsa yanke kofaton shanu, amma abin alfaharinsa a duniya shi ne busasshen wando. Ni Ype maƙwabcinsa ne, na san shi tun yana da gashi. A wurinsa ruwa abin tsallakewa ne, duk wanda ya shiga da gangan kuma a binciki kansa.

Sai ga matarsa Hiske, da 'ya'ya suka watse, ta shiga gasar nan mai hawa uku: a yi iyo, a hau keke, a ƙare da gudu. Duk Asabar ta tafi da 'yan ƙungiyarsu, ta dawo gashi a jiƙe tana dariyar abin da Auke bai sani ba. In ya tambaya sai ta ce, "Ai sai wanda yake wurin." A gida hira ta ƙare, sai ƙarar cokali a kofin gahawa. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Ba kishin wani namiji yake ba, ya dai ga matarsa ta koma cikin jiƙaƙƙun mutane ta bar shi a tudu.

Ranar nan ya ce mini zai shiga gasar bana.

"Kai? Kai da ko wanka sai an yi shari'a?"

"Keke da gudu ai abinci ne. Ruwan ne kawai."

"To ai ruwan ne farko, mutumina."

Mai horar da su Hiske, wani siririn mutum Sjoerd, ya kai shi wurin iyo ya nuna masa matakala. Auke ya tsaya a kai har aka rufe wurin. Da Sjoerd ya matsa masa, sai ya ce shi a saninsa hanya ɗaya ce ɗan halak yake shiga ruwa, wato ya yi tsalle ya gaza.

Shi ke nan aka koma magudanar bayan gari da sanda, a kan ya yi tsalle ya saki hannu a tsakiya. Ya sheƙo, ya cafke, ya haura, sai ga shi a wancan gaci tsaf. Aka sake. Ya sake tsallakewa. Sjoerd na ihu, "Saki mana, malam, saki!" shi kuwa yana ba da haƙuri daga can hayi, wai hannun ne ba ya jin magana. Aka shafe wata guda ana koya wa mutum iyo, tufafinsa ko ɗigo.

Ni na ba da shawarar a kafa sandar a bakin tafki, inda babu wani gaci sai ruwa iya ganinka. Ya sheƙo kamar kullum, ya haura, yana can sama ya duba bai ga ƙasa ba. Har yau ina jin ƙarar faɗawarsa.

Mu tsofaffin 'yan sanda da muka zo kallo muka kwashe da ihu, don al'ada ce: "Jiƙaƙƙiyar kaza! Terpstra ya sha ruwa!" Kunya ta sa ya cusa fuskarsa cikin ruwa don kada mu gan shi, ya miƙe sambal, ya dinga yankan ruwa yana neman inda zai ɓuya. Sjoerd ya riƙe baki. Ya ce shekara da shekaru yana roƙon mutane su sa fuska a ruwa haka. Tun daga nan muka samu aiki. Duk Laraba mu jeru a bakin tafki muna zagin Auke, shi kuma yana ƙara gudu. In muka gaji muka yi shiru sai ya fara nutsewa, Sjoerd ya ce, "Don Allah dattawa, a ɗan ƙara masa."

Ranar gasa alƙalai suka ce ba a shiga da sanda. Muka yi ta gardama, suka ce dokar ba ta san sanda ba. Aka busa usur, jama'a suka tsunduma ruwa, Auke na tsaye a kan yashi da hularsa ta roba. Muka gwada zagi, amma yaya za ka ce wa busasshen mutum jiƙaƙƙiyar kaza?

Hiske ta yi nisa, kuma bana ta sa ran kyauta. Sai muka ga hula ɗaya ta juyo tana dawowa, ashe ita ce. Ta tsaya inda ruwa ya kai mata ƙugu, ta miƙo hannu.

"Taho, tsoho. Ba inda za ka tsallaka."

Ya taka a hankali, irin yadda saniya ke shiga motar kasuwa. Muka yi tsit, amma bai nutse ba. Suka tafi kafaɗa da kafaɗa, kawuna a sama, duk horon Sjoerd ya tashi a banza. Mai kwalekwalen ceto ya bi su yana duba agogo. Kafin su fito an riga an kwashe kekuna, su biyun kuma an cire su daga gasar.

Da yamma na same shi a bakin garke, lulluɓe da bargo yana atishawa. Na tambaye shi:

"Wai me kuke ta faɗa a cikin ruwan nan?"

"Ta ce da sanyi. Na ce e, da sanyi."

"Shi ke nan?"

Ya share hanci, ya gyara bargonsa.

"Ype, na manta rabon da ta gaya mini wani abu da ya faru ina wurin."