Hannuwan Baba Kofur

Bari in fara da laifina. Ranar nan na ɗauki jan bakin Yaya Hinde na shafe wani zanen kakana da shi, wai ni mai gyara, don baƙin ya yi yawa. Wayyo! Sai da ya yi kwana uku bai ce mini amarya ba. A na huɗu ya ce, "Ke, na ga ja ya ishe ni."

Duk Roni kun san Baba Kofur da aikinsa. Tun da ya dawo daga yaƙin basasa abu ɗaya yake sassaƙawa a katako: hannuwa biyu a ɗage ana addu'a. Ya shafa tawada, ya kifa takardar buhun siminti, ya murza da bayan cokali, sai zanen ya fito a takardar. Cokalin nan kuwa, wallahi ya fi ni gata a gidan.

Sai dai babu hannu ɗaya mai lafiya. Wani a karkace, wani dungu. Ya kai wa liman takarda guda, wai a rataya a masallaci, masu salla su riƙa tunawa da abokansa da suka mutu a yaƙin. Liman ya juya ta, ya sake juyawa.

"Kofur, ai yatsu biyar Allah ya yi."

"Na Audu uku ne, Allah gafarta Malam. Ni na tsinto hannun."

Ba a rataya ba.

Ya kwashe takardun sai kasuwar Babura. Wuni guda, mutum ɗaya ya taya, wani mai tsire da ke neman takardar naɗi. Baba ya bi shi da sanda har bakin tasha, yana ihu, "Sajan ɗin namu za ka naɗe nama da shi?"

Na taɓa ce masa, "Angona, ka zana fure mana, ko 'yammata sa kalle ka."

"Fure yana da mai yi masa addu'a. Waɗannan ni kaɗai suka rage wa."

Na yi dariya a lokacin, Allah ya yafe mini. Allah ya jiƙan Baba, ya jiƙan Audu da Sajan, da sauran da ban riƙe sunansu ba.

Ranar sadakar uku itace ya yanke. Kawu Sale ya shiga ɗakin Baba ya kwaso katakan gaba ɗaya, da su aka ƙarasa dafa shinkafar.