Ranar da Na Riƙe Ƙugu a Gaban Surukina

Abubuwa da yawa sun faru a Arlit a shekarun tawaye na biyu, wasu ma na yi ƙoƙarin mantawa da su kuma na dace. Amma akwai wata la'asar a filin ƙwallon kwando na unguwar ma'aikata da ba za ta fita daga kaina ba har in koma ga Allah.

Lokacin ina koyar da Faransanci a kwaleji, kowa na kirana Mushe, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu. Hanyar Agadas ba ta biyuwa sai da rakiyar soja, gari ya cika da baƙi masu neman aikin yuraniyam, abin nishaɗi kuwa babu sai wasa. Aka shirya karawa tsakanin samarin gari da tsofaffin 'yan wasan ma'aikata. Alƙalin da zai zo daga Agadas ya maƙale yana jiran ayari, sai wani mai tsautsayin tunani ya tuna na taɓa yin ɗan horon alƙalanci a Yamai. Aka rataya mini usur. Ban ko tambayi su wa za su buga ba.

Ina shiga fili na hango lamba bakwai cikin masu jar riga: mahaifin yarinyar da nake nema. Mutumin Tawa ne, shugaban masu gyaran manyan motocin haƙa, ƙato, ya haura hamsin, gwiwar hannunsa kuma ta yi suna har Akokan, garin da ke maƙwabtaka da mu. Magabatana sun daɗe da kai gaisuwa, amma ya ƙi sa rana, kullum wai yana nazari. Ni ko ƙwayar idonsa ban taɓa kallo ba, a durƙushe nake gaishe shi.

Ga wanda bai san aikin ba, ƙa'idar gajera ce. In ka ga laifi ka busa usur da ƙarfi, ka ɗaga dunƙulallen hannu sama a miƙe. Ka je gaban teburin maki ka tsaya cak, ka faɗi launin riga da lamba, ka nuna lambar da yatsu, sannan ka nuna irin laifin: turi ne ka tura tafukanka gaba, riƙo ne ka kama wuyan hannunka. Ba bayani, ba ban haƙuri. Wanda ya tara biyar ya fita.

Ba a jima da farawa ba lamba bakwai ya nausa wa wani saurayi gwiwar hannu a haƙarƙari. Usur ɗina ya fito kamar kukan ɗan tsako. Hannuna ya tashi iya kafaɗa, irin na ɗalibi mai neman izinin zagawa. Maimakon in nufi tebur, sai ƙafafuna suka kai ni gabansa, na ɗan rusuna na ce, "Baba, a gafarce ni, kamar dai hannunku ya ɗan taɓa shi."

Ya dube ni tun daga takalmi. "Kamar? Ka gani, ko ba ka gani ba, Mushe?"

Na shiga bayani, shi ma ya shiga nasa, kuma nasa ya fi tsawo. Nan take abokan wasansa suka gane hukuncina abin ciniki ne, kowa na busa wa sai ya kawo ƙara. Ɗalibaina da ke bakin fili, marasa tsoron Allah, suka hau waƙar alƙali na neman aure. Aka tafi hutu laifi biyu kawai ke kansa, alhali ya cancanci ninkinsu.

Mai riƙe da teburin maki wata malamar motsa jiki ce daga Damagaram, ta girme ni sosai. Ta miƙo mini ruwa, ta ce ita ba ta iya rubuta "kamar" a matsayin laifi. Ta ce matsalata ɗaya, ina magana da shi, alhali doka ta ce da tebur zan yi magana. "Ƙanena, a filin nan ba ka da suruki. Kana da ja, kana da bakwai. Ni za ka kalla."

Haka na yi da aka dawo. Usur mai kaifi, hannu sama, "Ja, bakwai," na tura tafuka. Ya buɗe baki zai yi gardama, ya rasa kalmar da zai kama, don ban ba shi ko ɗaya ba. Na huɗu ma haka. Fili ya natsu, har na fara jin kaina mutum.

Sai na biyar ya zo, wasa na gab da ƙarewa, maki kan-kan-kan. Wani saurayi ya taho da gudu, Baba ya matsa gefe ya tare shi da ƙirji, ƙafafunsa na tafiya. Tare hanya ne ƙarara, don doka ta ce mai tarewa sai ƙafafunsa na kafe wuri ɗaya. Na busa, na nufi tebur, a hanya na tuna alamar wannan laifi: hannu biyu a ƙugu. Shi kuma ya biyo ni ya tsaya jikin teburin, yadda duk inda na kalli malamar sai na kalle shi. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san abin da ake kiran yaron da ya riƙe ƙugu gaban babba. Na ce, "Ja, bakwai," na nuna yatsu, na ɗora hannuwana a ƙugu, na kuma bar su a can har malamar ta ɗaga alamar biyar. Ya zauna, benci ya yi ƙara. Samari suka ci wasan.

Kwanaki ban ji komai ba, har na fara tunanin neman canjin wurin aiki. Ashe labari ya kai wa mahaifiyar yarinyar, wadda ta yi shekaru tana roƙon mijinta ya bar wasa saboda ciwon gwiwa. Aka ce ta ce tunda ta zo Arlit ba ta ga wanda ya taɓa zaunar da shi ba, don haka ba za ta bari irin wannan ya kuɓuce wa gidan ba. Ya aiko a kira ni. Na durƙusa, ya sa rana, na yi godiya. Ina shirin tashi ya ce, "Ɗiya kam na ba ka. Amma ƙafafuna a kafe suke."

Har yau, yana wasa da jikokinsa, bai janye wannan magana ba, ni ma ban janye hukuncin ba. Abin da na koya shi ne, in aka ba ka hukunci ka yanke shi a fili, da hannu miƙe da kalma kaɗan. Ladabin kuma ka ajiye shi sai ka je zaure.