Ni Na Kawo Ciwon, Ita Aka Yanka

Da jan raƙumi na tashi. Ban yi allo ba, faɗa nake ana rubuta mini. A lokacin Nasara ba su shigo ba, ƙasar Dakoro rijiyoyi ce da rugage. Ina bin ayarin Buzaye, mu kai gero arewa, mu dawo da dabino da kanwa. Na sha ƙishirwa, na sha mashi a cinya, ban yi kuka ba. Gani nake babu namiji kamata.

A wani zango na nemi wata mace. Ba a yi mako ba fitsari ya zame mini wuta. Ciwon sanyi ne. Na sami wanzami a kasuwar da ba a san ni ba, ya ba ni saiwa in jiƙa. Har dariya ya yi, wai ciwon maza ne, wanda bai taɓa yi ba bai yi tafiya ba. Ya ce in ƙaurace wa iyali wata biyu. Ban ƙaurace ba. Tsoro na ji kada a tambayi abin da ya sa mutum zai dawo daga tafiyar wata huɗu ya guji ɗakin matarsa.

Matata ta kamu da ciwon mara da zubar ruwa. Ita ba ta da kasuwar da za ta je a ɓoye. Ta faɗa wa innata, innata ta kira ungozoma. Tsohuwar ta duba, ta ce gishiri ne, wato tsokar da suke cewa tana toshe gaban mace, kuma maganinsa aska. Ba a yanka sai da yardar miji. Inna ta same ni a bakin rijiya ina jan guga, ta tambaye ni ko akwai abin da na sani. Sau biyu ta tambaya. Na ce su yi abin da suka saba.

Da hantsi suka danne ta. Ina wajen raƙuma, na ji ihunta. Askar ta wuce inda aka nufa. Jini ya tsaya, fitsari bai ƙara tsayawa ba. Aka mayar da bukkarta bayan gari saboda wari, aka ware mata ƙwarya. Mata suka ce wa ya san abin da ta aikata lokacin da ba na nan. Ni kuwa jaje ake yi mini. Ina kai mata ruwa da itace, mutane suna yaba haƙurina, ina amsawa.

Shekara bakwai ta yi a haka. Da ciwo ya ci ƙarfinta na durƙusa na faɗa mata gaskiya. Ba ta ɗago ba. Ta ce ta sani tun ranar da na dawo, don ita ta wanke mini wando. Ta yi shiru ne tana jira in yi magana da bakina. Ban roƙi gafara ba, ban ga fuskar roƙo ba. Ba a jima ba ta rasu.

Yanzu na tsufa. Abin da na gane shi ne, ciwo ɗaya ne, amma namiji ana ba shi saiwa da dariya, mace a ba ta aska da zargi. Ku matafiya, wanda ya ɗauko abu a hanya ya faɗa kafin ya shiga ɗaki. In an zo neman yardarku a kan jikin matanku, ku buɗe baki. Kunyar yini ɗaya na guje wa, ita ta biya da ranta.