"Bar Ta" Na Ce: Shekara Bakwai Bayan Haruna Katanga

Shekara bakwai ke nan, a wannan wata na Rajab, da muka yi wa Haruna Katanga sallah muka kai shi makwancinsa. Duk shekara in watan ya kama, magoya bayan ƙungiyar ƙwallon unguwarmu ta Harra ta Yamma, a nan Madina, sukan taru a gidan wani daga cikinmu, a dafa shayi, a yi masa addu'a, a yi ta tuna baya. Sau shida ana yi ina ƙirƙiro uzuri. Wata shekara ciwon baya, wata shekara aiki ya yi yawa a shago, har mutane suka gaji suka daina aiko mini. Bana da ƙafata na je ba tare da an kira ni ba. Dalilin haka nake so in faɗa wa masu karatu, don na daɗe da maganar a ciki.

Sunana Idi, walda nake yi a unguwar Sultana, amma a Harra ba wanda zai gane wa ake nufi sai an ƙara da Lasifika. Allah ya ba ni murya, ƙarar ƙarfe kuma ta ƙara buɗe ta. Tun da aka kafa ƙungiyar ban taɓa sa ƙafa na taɓa ƙwallo ba, amma ba a taɓa wasa ban tsaya a bakin fili ina ba 'yan wasa umarnin da ba wanda ya sa ni ba.

Haruna ya girme ni da kaɗan. A Sudan aka haife shi, lokacin da iyayensa ke kan hanyar zuwa hajji a ƙasa, shi ya sa Hausarsa take da wani ɗan lanƙwasa da muke tsokanarsa da shi. Da shi muka kwashe baƙaƙen duwatsun Harra da hannu muka fitar da fili, a farkon shekarun saba'in, yatsunmu duk sun yayyage. Mai tsaron baya ne. Gaskiya ba shi da gudu, kuma a iya sanina ƙwallo ɗaya ya taɓa ci, ita ma a ragarmu. Amma wuce shi sai an shirya, shi ya sa aka sa masa Katanga. Babban makaminsa bakinsa ne. Da Hausa yake tsara abokan wasansa, 'yan sauran unguwanni kuwa Larabci kawai suke ji. Sai ya ce "bi shi", ko "koma gida", ko "bar ta", kafin abokan karawa su farga an ƙwace ƙwallo. Daga wurinsa na kwashi waɗannan kalmomi nake ƙara musu ƙara.

Da gwiwa ta hana shi wasa, sai aka naɗa shi mai horarwa, mudarrib kamar yadda ake cewa a nan. Shi ya ciwo mana kofin unguwanni, muka zaga da shi a bayan a-kori-kura har ƙofar gidan kowane dattijo. Zuwa lokacin 'yan wasanmu sun zama samarin da aka haifa a Madina, masu jin Hausa amma su mayar maka da Larabci. Wannan bai dame shi ba. Yakan ce musu su amsa da harshen da suka ga dama, amma ƙwallo da Hausa za a buga ta.

Sai aka shiga wata shekara da komai ya lalace. A doke mu wannan Juma'a, a sake doke mu ta gaba. Haruna ya fara yin abin da ba mu san shi da shi ba: ya cire wanda ke ƙoƙari ya bar wanda ya gaji, ko ya yi wa wani faɗa a kan laifin wani. Aka fara ƙus-ƙus a wuraren shan shayi, musamman samarin magoya baya. Ni kam ina bayansa, duk da ni ma a zuci ina tambayar me ya same shi.

Ranar da abin ya faru, bayan la'asar ne, an riga an zura mana biyu. Aka bugo wata doguwar ƙwallo tana gangarawa za ta fita ta bayan ragarmu, ɗan bayanmu Bashir kuma ya bi ta a guje zai taɓa. In ya ƙyale ta ta fita, bugun gola ne, ba wata matsala. Na buɗe maƙogwaro na ce, "Bar ta! Bar ta!" Bai bari ba. Ya taɓa, santsi ya kwashe shi, ɗan gabansu ya ɗauka ya zura ta uku.

Samarin da ke bayana dama a cike suke. A kunnensu na Madina ba "bar ta" suka ji ba, "barra" suka ji, wato waje, kalmar da 'yan kallo ke yi wa mai horarwa in suna so ya tafi. Suka ɗauka Idi Lasifika da kansa ya ba da izini. Kafin a mayar da ƙwallo tsakiya duk ɓangarenmu ya ɗauka, barra, barra ya mudarrib. Na juya na ɗaga hannuwa ina hana su, wanda daga nesa ba shi da bambanci da mai ba da waƙa. A karon farko a rayuwata muryata ta kasa fin ta jama'a. Da na waiwaya, Haruna yana tsaye a ɗaya gefen filin ya juyo fuskarsa daidai inda nake. Ya jira aka tashi, ya cire usur daga wuyansa ya miƙa wa kyaftin, ya yi sallar magariba tare da mu, ya tafi gida.

Ga inda nawa laifin yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Ya kamata a ce tun kafin isha'i ina ƙofar gidansa. Na ce bari ya huce zuwa gobe. Da gari ya waye samarin suka cika shagona suna yaba mini, wai ni kaɗai ne babban da ya iya faɗin gaskiya, ni kuma na yi shiru ban ƙaryata su ba, har ma abin ya ɗan yi mini daɗi na kwana biyu. Bayan wannan da wane ido zan je? Mako ya zama wata. Sai kawai na ji Haruna ya kwashe iyalinsa ya koma garin Khaibar wajen surukansa masu aikin gonar dabino. Shekara uku yana can ban taka ba. Da aka kawo gawarsa Madina, a sahun ƙarshe na tsaya, na kuma sulale kafin a fara gaisuwa. Abin da ya hana ni sakat duk shekarun nan abu ɗaya ne: mutumin nan ya mutu yana ganin ni na kore shi daga filin da muka share tare.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce in ya ga Harra ta yau. Filin namu an gina gidajen haya a kansa, ƙungiyar ta koma wani fili can gaba, mai turakun ƙarfe waɗanda ni na yi musu walda. 'Yan wasa kowa da takalminsa mai ƙusa, ba mai yarda ya buga da ƙafa. Magoya baya da yawa sun fi son su zauna gaban talabijin mai launi su kalli manyan ƙungiyoyi. Ina jin takalman za su burge shi, don ƙafafunsa sun sha wuya. Abin da zai sa ya girgiza kai shi ne yanzu ba mai ba da umarni da Hausa a fili, saboda haka abokan karawa suna jin duk abin da muke shiryawa. Zai ce mun sayar da makaminmu a banza, sannan ya nemi dutse ya zauna ya kalli wasan har ƙarshe, don bai iya fushi da ƙwallo ba.

Wata biyu da suka wuce aka kira ni gyaran tankin ruwa a wata gona a Khaibar. Na so in tura wani, mai gonar ya ce ni yake so. Da muka gama aiki, mai kula da gonar, wani Bahaushen Chadi, ya ji daga Harra nake, sai ya nuna mini wani gida da ke bayan dabinai ya ce ai iyalin Katanga ne a ciki. Na daɗe tsaye riƙe da jakar kayan aiki. Daga baya na ce wa kaina, Idi, furfura ta fito maka, har yaushe za ka yi ta gudu? Na je na yi sallama.

Yayan matar Haruna, Malam Adamu, ya fito ya shimfiɗa mini tabarma a inuwa. Tun kafin in faɗi sunana Hajiya Rabi, matar marigayin, ta yi magana daga bayan labule ta ce wannan sallamar ta Idi ce, ba mai irinta. Bayan gaisuwa da ta'aziyyar da ta makara shekara bakwai, na kwashe labarin duka na faɗa, har da shirun da na yi a shago. Na ce na zo neman gafara ne a wurinta tunda mai ita ya tafi.

Sai ta ce, "Ya Idi, ashe abin da ka riƙe ke nan? Wallahi ranar da ya shigo gida cewa ya yi, Idi 'bar ta' ya ce, kuma ya yi daidai, yaron ne bai ji magana ba."

Na ce amma ai ya juyo ya dube ni.

"Da wane ido? Shekarar nan duka ba ya ganin rabin fili. Ciwon suga ya ci idon, daktur ya ce halas, ba magani, shi kuma ya hana ni gaya wa kowa. Da bakinka yake kallon wasan. In ka ce koma gida ya san an taso mana, in ka ce bi shi ya san an wuce wani. Ya juya ne wajen da yake jin muryarka, don ya ji kana hana su."

Ta ce ihun samarin ya yi masa ciwo, ba shakka, amma dama yana neman ƙofar da zai fita ba tare da ya tsaya gaban jama'a ya ce ya makance ba, sai ga shi sun buɗe masa. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba. Malam Adamu ya kawar da kai yana duban dabinai har na natsu. Wani irin sauƙi na ji, kamar an sauke mini buhun siminti daga kafaɗa.

Daga nan na tambaye ta ko ke nan bai taɓa fushi da ni ba. Ta ce ya yi, sosai ma, amma ba a kan kalma ba. Duk Juma'a in motar Madina ta tsaya a bakin hanya sai ya sa a duba ko da Idi a ciki. Wannan ta soke ni, har yanzu ma tana sukata. Sai dai wannan laifin nawa ne na gaskiya, na san girmansa, na san yadda zan roƙi Allah a kansa. Wancan da na ɗauka shekara goma ashe ma babu shi.

A taron bana na ba da wannan labari gaban kowa. Samarin da suka yi ihun ranar yanzu duk magidanta ne, Bashir ma yana wurin da tumbinsa. Ba wanda ya san maganar idon. Mutumin da muka ce ya manta ƙwallo, ashe a tsaye yake cikin hazo yana tsara mutum goma sha ɗaya da kunne, kuma ya gwammace a ce ya gaza da a ce abin tausayi ne. Ban ce hakan daidai ne ba, don da ya faɗa da mun zama idonsa. Amma haka Haruna yake, taurin kansa da kirkinsa tare suke tafiya.

In aka tambaye ni abin da ya rage na Katanga, ba zan nuna fili ba, an gine shi, kofin ma ba wanda ya san gidan da yake. Abin da na san ya rage shi ne mutum ne mai fahimtar abin da kake nufi ko da duk jama'a sun ji wani abu daban, kuma mai ajiye maka wuri ko ba ka cancanta ba. Da na miƙe zan bar gidan a Khaibar, Hajiya Rabi ta ce in dakata, akwai saƙo. A ciwonsa na ƙarshe Haruna ya ce mata Idi zai zo, komai daɗewa, in ya gama jin kunya. In ya zo a ce masa ba komai, kuma kada a bar shi ya tafi bai ci abinci ba. Shekara bakwai tana riƙe da wannan saƙo. Aka kawo shinkafa da miya, na wanke hannu, na zauna na cinye tas.

Allah ya ji ƙan Haruna, ya haskaka kabarinsa, ya yafe mana jinkirinmu.